Doguwar Wayar Attahiru

A bakin fadamar Taloka aka tafa hannu. Attahiru ya ba maƙwabcinsa Lauwali gajeruwar wayarsa ta lantarki mai kauri, ya karɓi siririya mai tsawon da za ta kai daga bakin gulbi har tudu.

"Sai gyara," in ji Lauwali. "Tunda tiyonka ta gonata shi ka bi, ka huda mini ɗan baki in riƙa samun ragowa."

"Ragowa kau? Na ba ka."

Attahiru ya auna wayar gaba-gaba, yana danne dariya. Shi da ya tsufa a cinikin albasa, yau ya ba da kaɗan ya karɓi mai yawa. Janaretansa zai bar bakin ruwa inda ɓarayi ke shawagi, ya koma gindin bukkarsa a tudu.

Aka ja waya, aka tayar da inji. Famfon lantarkinsa da ke bakin gulbi ya yi gurnani, ruwa ya taso har gonar Lauwali, ya fita ta ɗan bakin nan, bai ƙara gaba ba. Dashen albasar Attahiru ya fara kwanciya.

Ranar kasuwar Goronyo ya ɗauko Siddiq mai gyaran wuta a kan babur. Siddiq ya sa mitarsa a bakin janareta, ya gangara ya sa a bakin famfo, sannan ya kama wayar ya saki da sauri.

"Baba, taɓa ka ji."

"Mi ya sa ta zafi haka?"

"Ci takai. Bolt ɗari biyu da ashirin ka fita can, ɗari da saba'in ka isowa nan. Hamsin sun maƙale hanya." Ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke. "Wutar da ka gudu ciki amfiya goma ce. Raba hamsin gida goma, biyar ke nan, ita ce turjiyar waya. In ka ninka hamsin sau goma kuma, wat ɗari biyar. Kamar ka kunna dutsen guga ka turbuɗe cikin ƙasa."

"To wa nike yi ma guga?"

"Ƙadangaru, Baba. Ko ka samo mai kauri, ko ka rage tsawo."

Attahiru ya nufi wurin Lauwali. Ya tarar da shi cikin albasa kore shar, ƙafa duk taɓo.

"Wayar nan taka, a warware ciniki."

"Ayya, Alhaji! Ai tuni yara sun ka ja mini wuta shago da ita. Ragowa kau tana isowa. Allah shi saka da alheri."

Da la'asar Attahiru ya sa wuƙa ya datse wayar. Aka ɗora janareta a jaki, aka mai da shi bakin gulbi, daidai inda sawunsa yake tun farko. Ruwa ya hau tudu, rabin dashen ya farfaɗo.

Lauwali ya tashi da waya mai kauri da ruwa har ƙarshen rani, don alkawari ba ya tashi. Kyauta, matar Attahiru, ta sami igiyar shanya da babu irinta a unguwa. Attahiru kuwa ya shimfiɗa tabarma kusa da injinsa yana gadi, sauro na yi masa barka da dawowa. In an tambaye shi labarin cinikin, sai ya ce shi dai ba a cuce shi a tsawo ba.