Ɗan Farin Mairamu

Mairamu ta tsaya a bakin tsohon garejin Célestin, can bayan kasuwar Roumdé Adjia, ta ja mayafi har ya rufe mata gira. Ƙarar gangunan da ke ciki tana dukan ƙirjinta kamar ana sussukar dawa. Ko sanyi rana ba ta yi ba, yanzu aka idar da la'asar, kowa yana iya ganin kowa. Matar Muntaka mahauci, wadda ko kasuwa ba ta shiga sai da ƙwaƙƙwaran dalili, yau ga ta a ƙofar wurin da ake shan giya. Wai! Da wani cikin mahautan kwata zai gifta a kan moto, wato babur, ya hango ta, ai kafin magariba labari ya gama unguwa.

Wata budurwa ce ke tsaron ƙofar, Nathalie, rabin kanta a aske, ɗaya rabin an rina shi kore shar. Ta dubi Mairamu sama da ƙasa, ta yi maza ta ɓoye sigarin da ke hannunta.

"Mama, kin ɓata hanya ne?" ta tambaya da Hausarta ta kasuwa. "Wa kike nema?"

"Wani yaro."

"Mama, ai cikin nan duk yara ne. Yaya sunansa?"

Nan fa ake yin ta. Sunan yana nan a kan harshen Mairamu, kullum ma a nan yake kwana, amma ina!

"Dogo ne," ta ce. "Yana da tabo a gira. Yayan Luba."

"Zaharaddin? Ke ce maman Zaharaddin?"

Mairamu ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da kayan sata. "Ɗan gidanmu ne," ta ce a hankali.

Ɗan farinta ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba, kuma ba don ƙiyayya ba, haka ta taso ta tarar. Uwarta ma har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babban ɗanta ba, ba kuma wanda ya mutu saboda haka. Ana yaye Zaharaddin kakarsa ta ɗauke shi zuwa Lagdo, can ya girma cikin hayaƙin masu bandar kifi, ita yake kira Inna. Sai da tsohuwar ta rasu ya dawo Garoua ya shiga lise, wato makarantar sakandare, ya zo yana kiran Mairamu Adda, kamar wata yayarsa. Ba ta haɗa ido da shi. Ba ta miƙa masa abinci da hannunta, sai dai ta ce wa Luba, "Kai wa yayanki." Amma ita ke tsamo ƙashin da ya fi ɓargo ta tura ƙarƙashin miyarsa, kuma cikin takun mutum goma a zaure tana iya ware nasa.

To, da safiyar wannan Lahadin Luba ta zo mata da magana suna wanke-wanke. Wai gobe ƙungiyar kiɗan su Zaharaddin za ta hau mota zuwa Ngaoundéré, daga can su kama jirgin ƙasa sai Yaoundé, kuma shi bai da niyyar dawowa. Wasan yau shi ne na ban kwana.

"Ya ce me zai zauna yi a gidan da ko sunansa ba a iya faɗa," in ji Luba, idonta a kan tukunya. "Ya ce uwar Fabrice mai ganga har kuka ta yi jiya, ta rungume ɗanta a gaban kowa. Ke kuwa, Inna, wai ba za ki san ya tafi ba sai kin ga kwano ɗaya ya ragu a wanki."

"Rufe min baki, marar kunya."

"Ki zo mu je ki gan shi ko sau ɗaya."

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Luba ta rufe bakin, ta yi tafiyarta wurin wasan bayan azahar. Maganar ce ta ƙi tafiya. Ta zauna wa Mairamu a ƙahon zuci, ta hana ta cin abinci, ta hana ta zama. Ashe yaron nan zai hau mota ya tafi yana ganin uwarsa ba ta ƙaunarsa? Ta ce wa kanta leƙawa kawai za ta yi, ta raɓe a wani lungu ta kalle shi son ranta, abin da ba ta taɓa samu ba. In Allah ya sa ya hango ta, to, ya san ta zo.

Nathalie ta ƙi karɓar komai daga hannunta, ta ɗaga mata labulen buhu.

Kai, zafi! Rufin kwano ne, ba taga, ga warin baƙin mai da gumi da giya sun haɗu sun zama abu guda. An jera katakai a kan tsofaffin tayoyi an yi dandamali. Waɗanda ke kai a lokacin samari ne sanye da baƙaƙen kwat duk da wannan zufa, uku cikinsu suna busa ƙahonin ƙarfe. Luba ta taɓa yi mata bayani tana dariya: mai ƙaho da tsalle-tsalle shi ne ska, mai ihu shi ne pank, na yayanta ke nan. Yara maza da mata sun cika wurin maƙil, suna wata rawa kamar masu gudu a wuri ɗaya, gwiwa sama, hannu baya. Mairamu ta manne da bango tana neman tsari. Can sai ta lura ƙafarta ta dama tana buga ƙasa daidai da kiɗan. Ta taka ta da ta hagu, ta waiga ko wani ya gani.

Da waƙar ta zo ƙarshe, mawaƙin nasu ya juya wa jama'a baya, ya ware hannuwa, ya faɗo ta baya kamar an sare itace.

"Innalillahi!" Mairamu ta runtse ido.

Da ta buɗe, sai ta gan shi kwance a kan tafukan hannun jama'a, ana miƙa shi daga wannan zuwa wancan har bakin ƙofa, yana ta dariya. Ashe al'adarsu ce. Kowane mawaƙi da haka yake rufe wasansa, bai ko waiwayawa, ya san za a tare shi.

Sai ga Zaharaddin.

Da ƙyar ta gane shi. Riga a yage, an harhaɗa ta da fil, jita rataye a kafaɗa. Yaron da a gida in ya gaishe ta sai ta kasa kunne take jin muryarsa, shi ne ya kama makirufo ya saki wani ihu da ya sa kwanon rufi karkarwa. Fabrice ya afka wa ganguna kamar sun yi masa laifi. Waƙar da Hausa ce da Fulatanci da Faransanci a cakuɗe, ta tsinci kwata a ciki, ta tsinci kogin Binuwai, ta tsinci zafin Garoua, sauran ya wuce ta. Ba ta ji daɗin kiɗan ba, gaskiya, ko kaɗan. Amma jijiyar wuyan nan da ta miƙe irin ta Muntaka ce in yana jayayya da dillalan shanu, goshin nan kuma nata ne. Yaushe ya yi wannan faɗin kafaɗa? Yara suka ɗauki sunansa suna rerawa, baki ɗari, kowa da ikon faɗa in ban da ita.

Mairamu gajeriya ce, kawuna suka tare mata gani. Ta matsa kaɗan. Ta ƙara matsawa. Ta manta da lungun, ta manta da bangon.

Abin da ba ta yi lissafi da shi ba shi ne, yaran nan masu askin banza da yagaggun wanduna 'ya'yan mutane ne, an yi musu tarbiyya a gidajensu. Na farko da ya ji an taɓa kafaɗarsa ya waigo, ya ga mayafi, ya ga fuskar sa'ar uwarsa, sai ya ja da baya. Ya taɓa na kusa da shi. "Mama ce, Mama ce." Kwalabe suka koma bayan riguna. Wata yarinya ta janyo ɗan siket ɗinta ƙasa. Wani har da rusunawa. Duk inda ta sa ƙafa sai a dare mata, har ta tsinci kanta gab da dandamali, ita kaɗai a tsakiyar fili kamar na shanyar barkono, kowa ya ba ta girmanta.

Shi kuwa bai gan ta ba. Tun tsakiyar waƙar ya juya yana fuskantar Fabrice. Ya cire jitar ya ajiye. Ya matso baya-baya har dugadugansa suka leƙo bakin katako. Ya ware hannuwa.

A nan ta gane. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ba hannu ko ɗaya, sai siminti.

Ta zabura, amma gefen rigarsa kawai ta samu, ya yage a hannunta. Ƙarar faɗuwar ba ta da yawa. Ganguna suka yi ɗif.

"Zaharaddin!"

Ba ta san daga ina muryar ta fito ba. Ta zube a ƙasa, ta tallafo kansa ta ɗora a cinya, mayafi ya zame ya bar ta da ɗankwali. "Zaharaddin! Wayyo ni, Zaharaddin, buɗe ido! Zaharaddin, ɗana!" Makirufon da ya faɗo tare da shi yana nan kusa da gwiwarta, a kunne. Ya kwashi muryar ya ba lasifiku, lasifiku suka watsa ta cikin garejin, ta fita ta ƙarƙashin kwano, har masu tsire na bakin titi suka ɗago kai.

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallonta, ita ma tana kallonsa, ido cikin ido, kafin ya ce, "Adda?"

Sai a lokacin ta ji shirun. Ta ɗago ta ga idanu sun kewaye ta, ga wayoyi a ɗage, ga Luba a gefen dandamali, baki buɗe, tata wayar har yanzu tana ɗauka. Kunya ta rufe Mairamu tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da gudu za ta shige. Ta lalubo mayafin ta rufe fuska.

"Ku ɗaga shi," ta ce ta cikin mayafin. "Ku ɗaga yaron. Hannunsa ya karye."

Karaya ce kuwa, a tsintsiyar hannun hagu, wanda yake danna igiyoyin jita da shi. Mai ɗori ya ja, ya jera karare ya ɗaure. Washegari motar Ngaoundéré ta tashi da su Fabrice, ba da shi ba.

Muntaka ya dawo daga kwata da yamma, ya wanke hannu, ya zauna a kan tabarma. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai da ya cinye rabin tuwon ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "An ce kin yi waƙa a Roumdé."

Ta bar masa wurin.

Mairamu ta daina leƙa ko zaure. Hoton bidiyon da aka ɗauka ya shiga wayoyi, daga ta 'yan makaranta zuwa ta matan aure. Mata suka riƙa zuwa jaje, wai sun zo duba mai karaya, amma ita suke dubawa. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Zamani. Ɗan fari, a bainar jama'a, har da ɗana." Kunya biyu Mairamu take ɗauke da su waɗanda kowa ya sani: ta tona kanta a gaban yara, kuma zuwanta ne ya karya masa hannu. Akwai ta uku da ba ta gaya wa kowa ba, wadda ta fi ci mata rai, domin duk sanda ta ƙirga kwanukan wanki ta ga sun cika, sai ta ji wani sanyi a zuciya, ta yi maza ta yi istigfari.

Tsakaninta da shi kuwa komai ya koma yadda yake. Ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon wani wuri. Luba ke kai abinci. Ta bakin Luba ɗin ma ta ji cewa in hannun ya warke zai bi abokansa. Sai dai a wannan karon, in ji Luba, ya ce zai riƙa zuwa gida da sallah.

Wata rana da hantsi Mairamu tana zaune a gindin dalbejiya tana tsintar shinkafa, sai ta ji wata mata tana kururuwa daga ɗakin samari. Ta zabura, ta kusa kifar da faifan. Sai ta gane muryar.

"Zaharaddin! Wayyo ni, Zaharaddin, buɗe ido!"

Aka yi shiru. Aka sake daga farko. Aka kuma sakewa.

Luba ta fito daga madafi tana danne dariya. "Shi ya ce in tura masa. Tun jiya yake abu ɗaya, har cajin wayar ya ƙare ya ari tawa."

Mairamu ta ja ɗankwali ta rufe kunnuwa, fuskarta na zafi. Ko kunyar maƙwabta ba ya ji? Muryar ta sake tashi ta ratsa tsakar gida, ta kai ga kalmar nan ta ƙarshe wadda tsohuwa ta riƙe haɓa a kanta.

"Je ki gaya wa yayanki ya rage ƙarar nan."

Luba ta juya za ta tafi, tana cewa, "Bari in ce ya kashe ta gaba ɗaya."

"Ke!" Mairamu ba ta ɗago daga faifan ba. "Cewa na yi ya rage. Ban ce ya kashe ba."