Jan Kafet da Ƙaramin Robot

Malama Dinah tana durƙushe a tsakiyar zauren makaranta tana manna baƙin salatif a kan siminti, layin da ƙaramin robot ɗinta zai bi, Mista Anselm mai makarantar ya zo ya tsaya a kanta, ya goye hannu a baya kamar wanda ya zo duba gonarsa. Ya tambaye ta ko robot ɗin zai iya gaida babban baƙo da Turanci da Hausa da C'lela. Ta ce masa ba shi da baki.

Zango biyu ke nan Mista Anselm yana kiran aikin nan wasan 'yar tsana. Kayan ma ba na makaranta ba ne. Yayanta soja ne ya aiko mata da su daga Kaduna, bulolin roba irin na wasan yara masu shiga cikin juna, da tayoyi, da ƙananan injuna biyu, da 'yar ƙwaƙwalwa mai girman kwalin sabulu wadda ake loda wa umarni daga kwamfuta. Ita da 'yan mata shida na aji huɗu suka haɗa shi, suka wargaza, suka sake haɗawa ya fi sau ashirin, kafin ya koyi bin baƙin layi da idonsa na ƙasa, ya kuma tsaya in ya ga abu a gabansa. Ko sau ɗaya Mista Anselm bai yarda a tayar musu da janareta ba. A shagon cajin waya na bakin kasuwa take cajin batir.

Amma tun da aka ce Alhaji Maharazu, ɗan kwangilar da ke shirin neman kujera, zai zo bikin raba kyaututtuka, wasan 'yar tsana ya koma "sashenmu na fasahar zamani", har da allon sanarwa a bakin ƙofa.

Ta gama layin tsaf, daga ƙofa zuwa teburin manya, ta fita kiran 'yan matan. Da ta dawo ta tarar an shimfiɗa jan kafet na haya a kan layin gaba ɗaya. Ta bayyana wa Mista Anselm cewa robot ɗin ba ya gani ta cikin kafet. Ya ce babban mutum ba zai taka siminti ba, ta gaya wa abin nata ya yi ƙoƙari.

Baƙon ƙarfe goma ya iso ƙarfe ɗaya da rabi. Iyayen da suka baro gonakinsu daga Dabai suka tafa masa saboda saurin da ya yi. Ya karɓi makirufo ya shiga bayanin yadda yake ƙaunar ilimi tun yana ciki. Yana tsaka da haka Mista Anselm ya yi wa Dinah alama da ido. Ta ajiye robot ɗin a kan kafet, ta danna maɓalli, ta sunkuyar da kai.

Robot ɗin ya juya hagu, ya juya dama, ya zagaya sau uku yana neman baƙin layi a cikin ja. Aka fara dariya daga baya. Can idonsa ya faɗa kan baƙar wayar makirufo da ke kwance a ƙasa. Ya kama ta, ya bi ta lanƙwasa bayan lanƙwasa, har gaban takalmin Alhaji Maharazu, ya tsaya cak.

Alhaji ya dube shi, ya dubi jama'a.

"Kun gani ko? Ko na'ura ta san wanda ya cancanta."

Zauren ya ɗauki tafi. Mista Anselm ya karɓi makirufo ya sanar cewa shi da kansa ya ba da shawarar a koya wa robot ɗin gane manyan mutane, kuma an sha wahala kafin a kai ga haka. Daɗin bakinsa ya ɗebe shi, ya ƙara da cewa makaranta ta ba Alhaji wannan robot kyauta, ya kai wa yara gida.

'Yan matan shida suka juyo suna kallon malamarsu. Ɗayarsu, Glory, wadda ta rubuta umarnin tsayawar, idonta ya riga ya cika da ruwa. Dinah ta matsa kusa da Mista Anselm, ta rage murya.

"Oga, kayan nan nawa ne."

"Malama Dinah, kina so in janye magana gaban mutane? Alhaji ya ce zai duba batun rufin azuzuwa. Ɗauki ki kai mota."

Ta ɗauka. Tsakanin zaure da inda aka ajiye motoci akwai bishiyar mangwaro. A nan ta tsaya, ta cire bulo huɗu na baya, ta zare wayoyi, ta ciro ƙwaƙwalwar da injunan biyu ta zuba a jakarta, sannan ta mayar da bulolin yadda suke. Jiki dai ko da kwali da murafen kwalba 'yan matan za su sake gina shi ranar Litinin.

Direban Alhaji ya karɓa yana jujjuya shi a hannu. Ya ce bai zaci abin da ke da wayo haka zai yi rashin nauyi ba, ya tambaya ko yana da wahalar sha'ani.

"Ko kaɗan," in ji Dinah. "Duk inda aka tura shi zai tafi. Zai zauna lafiya da Alhaji."

Direban ya sa shi a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel.