Reshen da Na Hau Jirgi da Shi

"To ki hau ke mana, tunda ke ce jaruma."

"Da mace na ɗauko kurwa ai da tuni ina ciki. Ban tsaya kallon tsoho yana rawar ƙafa ba."

"Wa ke rawar ƙafa? Gwiwa ce. Kin san gwiwata."

"Gwiwar da ta wuni tana rawa a bikin Eshowe?"

Mama ce da Baffa Zwelakhe, ƙanen mahaifina, a ƙofar tashar jirgin ruwa ta Durban. Masu tafiya hutu suna wuce mu da akwatuna da manyan huluna. Ni ina gefe, riƙe da reshen magaryar kura a naɗe cikin jarida.

Da Baffa aka shirya zan tafi. Adashin Mama aka kwashe aka kama mana ɗaki na mutum biyu. Yana sauka daga tasi ya ɗaga kai ya ga jirgin, ya kere benayen bakin teku, sai gwiwa ta tashi.

Yayana Velaphi wankin kwanuka yake yi a cikin jirgin nan. Bara ya faɗa teku kusa da tsibirin Inhaca. Mutumin da kamfani ya aiko ya ce santsi ne, zamewa ya yi. Ba a ga gawa ba. Tun lokacin Mama ba ta daina cewa yana can cikin sanyi, bai san hanyar gida ba. Wanda ya mutu a titi, titin ake zuwa da reshen magaryar kura a ɗauko kurwarsa. Wanda ya mutu a ramin zinare, bakin ramin ake zuwa. Namu a tsakiyar ruwa yake, kuma ba abin da za mu iya hawa ya bi da mu ta wurin sai wannan jirgi na masu shaƙatawa.

Baffa ya ja ni gefe, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Saurara, Khulekani. In kun kai wurin, ka kira shi da sunansa da na gidanmu da kirarinmu, Nyambose, ka ce ka zo tafiya da shi. Daga nan bakinka nasa ne shi kaɗai. Duk inda za ka, ka faɗa masa. Ba ka yi wa kowa magana, ba waya, ba saƙo, har ka ajiye shi a gida. Ka yi wa wani magana, ya sauka daga reshen. Ka ji?"

"Gadonka fa, Baffa?"

"Nasa ne. Dama shi ya kamata a kama wa."

Mama ta yi tsaki. Ta tura min hular ulu mai ruwan ɗorawa a aljihu, wadda ta saƙa wa Velaphi da hannunta, tana cikin kayan da aka dawo mana da su.

"In ya fito ka ba shi," ta ce. "Akwai sanyi."

Kati ne makullin ɗakin. Ɗakin can cikin jirgi yake, ba taga. Akwai labule a bango, na ja, na tarar da bangon. In kana son ganin waje sai ka kunna talabijin, akwai tashar da ba ta nuna komai sai hancin jirgi da ruwa.

Duk abin da Velaphi ya ba ni labari yana nan. Sabulun ruwa a liƙe a bango. Akwatin ƙarfe mai lambobi. Ɗan firiji cike da lemo, wanda ya ce kada in taɓa ko ƙishi zai kashe ni. Banɗakin kuwa, in ka danna ruwa sai ya yi ƙara kamar zai haɗiye ɗakin. "Ka miƙe tukuna kafin ka danna, ɗan ƙauye," haka yake ce min yana dariya. Shi kansa bai taɓa kwana a irin ɗakin ba. Su a can ƙasa suke, kusa da inji.

A saman kabad akwai rigunan ceto biyu. Na daɗe ina kallonsu.

Na ɗora reshen a gado na biyu na fita neman ɗakin cin abinci. A nan ba ka zaɓar wurin zama. Tebur ɗaya ake ba ka, shi ne naka har a dawo, da duk wanda aka haɗa ka da shi. Ni an haɗa ni da Anti Saras da mijinta Kawu Vasu, Indiyawan unguwar Chatsworth ta Durban. Kujera ta huɗu ba kowa.

"Ina mutuniyar?" in ji Anti Saras. "Ta gudu tun ba a tashi ba?"

"Baffana ne. Gwiwa."

"Maza! Wannan ma kullum gwiwa, sai an ce ga abinci ka ga gudu."

"Ki bar yaro ya ci, Saras."

"Ai ci nake so ya yi. Dubi wuyansa kamar na kaza."

Cokula sun jeru hagu da dama. Velaphi ya ce ka fara da na waje ka riƙa shigowa ciki, na yi haka. Abincin kashi-kashi yake zuwa. Romo, sai kifi ɗan mitsitsi a tsakiyar faffaɗan faranti, sai nama, sai kayan zaƙi, kowanne da farantinsa. Ina ci ina kallon yadda ake kwashe su ana shigewa ta wata ƙofa mai lilo. Bayan ƙofar nan Velaphi yake tsayawa. Na suɗe nawa tas da burodi, ko mai wanki ya samu sauƙi.

Da na koma ɗaki an gyara gado, an naɗe tawul ya zama giwa. Reshen kuwa yana tsaye cikin kofin ruwa a kan tebur. Na leƙa waje na ga mai gyaran ɗakin da keken tura kayanta, wata gajeriyar mata 'yar Madagaska, an rubuta Fanja a ƙirjinta.

"Furenka yana bushewa, ƙanena, na ba shi ruwa."

"Ba fure ba ne."

"Na gani. Ya soke ni har sau biyu." Ta nuna min yatsa.

Washegari jirgi ya tsaya nesa da tsibirin Inhaca. Aka yi ta kwasar mutane a ƙananan kwale-kwale ana kai su yashin bakin tsibirin. Ban je ba. Na hau can sama inda kowa ke ɗibar abinci da kansa. Tuwon masara, tsiran alade da na sa, miyar kori ta Indiyawa, kankana, har ba iyaka. Mutum zai tula faranti ya ci rabi ya tashi ya ɗauko sabo. Na ɗebi kaɗan na zauna ina kallon ruwa. Ko'ina iri ɗaya ne. Ban san ta inda zan fara nemansa ba.

Mutumin kamfani ya ce lokacin da jirgi ya juya zai koma ne abin ya faru. Saboda haka na jira. Da la'asar na ji ƙasa na rawa, tsibirin ya fara komawa baya. Na ɗauko reshen na tafi can bayan jirgi, bene mafi ƙasa da ake barin fasinja. A sama ana kiɗa a bakin wurin ninkaya, wani na ihu a lasifika wai a zo gasar rawa. Ruwan yana can ƙasa da nisa, hannuna ba zai kai ba. Na miƙa reshen ta saman shingen ƙarfe.

"Velaphi Mthethwa. Nyambose. Ni ne, Khulekani. Baffa ne ya kamata ya zo, gwiwa ta hana shi. Na zo tafiya da kai. Mama na jira. Hau mu tafi, Yaya."

Iska ta kaɗa ganyen. Ban ji komai ba, ban kuma san ko ana ji ba. Na ciro hular na rataya a ƙaya.

"Yaya, za mu shiga lifta," na ce masa. "Yaya, ga ɗakinmu. Gadon nan naka ne. Kada ka taɓa firiji."

Da yamma kowa ya ci ado, ranar gaisawa da kyaftin ce. Na sa farar rigata ta makaranta. Na ja kujera ta huɗu na ɗora reshen. Da mai kawo abinci ya zo na nuna masa abin da nake so a takarda, na ɗaga yatsu biyu.

"Yau kuma fushi ake da mu?" in ji Anti Saras. "Ko neman budurwar aka je aka dawo da ƙaya?"

Na sunkuyar da kai.

"Kai yaro, da kai nake."

"Saras." Kawu Vasu ya ajiye cokali. "Rabu da shi. Ba zai amsa ba."

"Me na yi masa?"

"Ba ki yi komai ba. Na yi tuƙin bas tun kina da haƙoranki, na sha ɗaukar irin fasinjan nan. Kujera ake biya musu. Ɗan uwansa ya zo ɗauka."

Ta dubi reshen da hular. Aka rage fitilu, masu kawo abinci suka fito a jere suna waƙa, kowa na kaɗa adiko a sama. Teburinmu kaɗai ne shiru.

"Yaya, wannan naman rago ne," na ce a hankali. "Ci. Yau kai za a wanke wa faranti."

Da za su tashi Anti Saras ta tura kayan zaƙinta gaban kujerarsa.

Wuni guda muka ƙara a ruwa. Na rataya alamar kada a shigo a ƙofa, na zauna da shi muna kallon hancin jirgi a talabijin. Na ba shi labarin gida. Rufin kicin ya fara yoyo. Karen Baffa ya mutu. Har yanzu ban samu aiki ba. Ban taɓa yi masa magana mai tsawo haka ba yana da rai, shi ne mai surutun.

Da safen da za mu sauka na cire alamar. Benayen Durban sun fara fitowa a talabijin. Ina ɗaure jaka Fanja ta ƙwanƙwasa ta shigo da zannuwa a hannu. Tana ganin gado na biyu ta tsaya.

"Hular Vela ce wannan."

Na miƙe.

"Na ga sunan a ƙofa, na ce ai Mthethwa da yawa. Kai ne ƙanen! Ya nuna mana hotonka ranar da ka gama makaranta, har ya ishe mu."

Na taɓa bakina, na nuna reshen, na girgiza kai. Ba ta gane ba. Ta ɗauka kuka ne ya shaƙe ni. Ta ajiye zannuwan ta kama hannuna.

"Yi haƙuri, ƙanena. Mutumin kirki ne. Kullum sai ya ɓoye min kayan zaƙin da fasinja ba su taɓa ba. Takalmansa ma suna wurina, na so in aiko muku ban san ta ina ba. Yadda ya jere su a gindin shingen ƙarfen bayan jirgi haka na ɗauke su, safa a ciki, katinsa na aiki a kai."

"Aka ce mana zamewa ya yi."

Muryata ce. Sai da ta fita na ji ta.

Fanja ta rufe baki da hannu. "Wayyo. Ban san ba ku sani ba." Wata murya ta kira ta daga waje, ta kwashi zannuwan ta fita da sauri.

Na juya ga gadon. Reshen yana nan yadda na bar shi, ganye ya fara yaushi, hula a rataye.

"Yaya?"

Sai ƙarar iskar da ke fitowa daga rufi.

Inhaca tana can baya, tafiyar dare biyu da wuni guda. Jirgi ba ya juyawa don mutum ɗaya, Mama kuma ba ta da wani adashin. Na zauna a bakin gado. Mama na cewa bai san hanyar gida ba. Wanda ya tsaya ya cire safa ya jere takalmi, wataƙila ya sani.

Da aka kira rukuninmu mu sauka na buɗe ƙofa na tarar da leda a ƙasa. Takalman ne, baƙaƙe, na roba, irin na kicin. Na tura su can ƙasan jaka na danne da kaya.

"Yaya, za mu sauka," na ce. "Akwai matakala, ka yi a hankali." Na faɗa dai.

A layin fita Anti Saras ta hango ni ta ɗaga hannu, ta kuma sauke shi. Na wuce ban waiwaya ba.

Suna nan inda na bar su. Baffa ya cire hula tun daga nesa, gwiwa ta warke.

"Na biya kujera uku a bayan tasi, da tasa huɗu," yake gaya wa Mama. "An ɗaure akuya a gida. Ki ba su hanya, kada ki yi masa magana."

Ba ta ji shi ba. Ta matso ta dubi hular, ta kai hannu kamar za ta taɓa, ta fasa. Sai ta ɗago ta dube ni. Na dubi ƙasa.

"Yaya, ga Mama," na ce wa reshen.

"Khulekani," ta ce, "ya yarda ya biyo ka?"