Mun Cika

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Ntombifuthi, wadda ake kira Futhi, tana jiran ranar da za ta sake tsayawa a gidan man nan na Harrismith. Ita ta shirya tafiyar tun daga Soweto, ita ta ɗauko hayar bas, ita ke tuƙi, fasfon kowa kuma yana jakarta. 'Yan gidan sun ɗauka hutu ta kawo su: kwana biyu ana kallon duwatsu, sannan a gangara Durban a shiga jirgin ruwa mai tashi ƙarfe huɗu na yamma. Ita kuwa jirgin bai dame ta ba. So take ya tashi babu yayanta Bhekizizwe a ciki.

Tana 'yar shekara bakwai aka bi da su hanyar nan zuwa ganin teku, yara tara a bayan akori-kura mai rumfa. Aka tsaya shan mai, ta zagaya bayan gida, babansu ya ce Bheki ya ƙirga yara. Bheki ya san ba ta nan, amma da safe ta cinye masa cinyar kaza, sai ya ce, "Mun cika." Awa uku ta yi tsaye jikin famfon mai cikin jar riga, wani kare yana ta zagaya ta. Da aka dawo ba wanda ya ba ta haƙuri. Mamansu, MaShezi, fizgo ta kawai ta yi ta cusa a mota, ba ta ce uffan ba har Durban.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai Bheki ya mayar da shi labarin ban dariya, ya raɗa mata suna 'Yar Mantau. Ba biki ba zaman makoki, sai ya ba da shi, har da kwaikwayon kukanta. Ranar aurenta ya ce wa dangin ango su ƙirga ta kafin su tashi. Jiya ma, a gindin jajayen duwatsun Golden Gate, ya sake ba 'ya'yansa mata biyu labarin, suka yi ta kwasar dariya. Futhi ta taya su, tana cewa a ranta in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Yau da suka tsaya a gidan man, komai ya zo mata daidai. Da kanta ta saya masa kofi mai yawa, don ta san cikinsa. Ya tafi bayan gida yana tsokanarta kada ta ɓace, ya bar wayarsa tana caji, walat ɗinsa cikin kwat a kan kujera. Matarsa ta sha maganin jiri tana sharar barci, 'yan matan sun toshe kunnuwa da kiɗa. Mama kuwa, da shekaru tamanin da uku suka fara raba ta da tunaninta, tun jiya direba take kiran Futhi.

Futhi ta duba madubi, ta ce a hankali, "Mun cika." Ta ja mota.

Gaskiya abin ya yi mata daɗi, daɗin da ba ta ji kunyarsa ba. Ta hango shi ya fito yana gyara bel, ya ga wayam, ƙaton tumbinsa na rawa yana bin titi. Ko ya samu mota, fasfo fa? Ta fara gangara tsaunin Van Reenen tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Sai ta ji hannu ya damƙi kafaɗarta.

"Direba, ba mu cika ba," in ji Mama. "Don Allah juya. Mun bar 'yata, mai jar riga. Tsoron kare take."

Futhi ta ce, "Mama, ai ga ni nan."

"Ba da ke nake ba, baiwar Allah. Ƙarama ce. Ni na haife ta, kuma ban waiwaya ba. Da wane baki zan yi mata magana?"

Tsohuwar kuka take sosai, tana jan murfin ƙofa. Futhi ba ta taɓa sanin akwai mai ɗauke da ranar nan ban da ita ba. Idonta ya cika, ta lallaɓa ta samu wurin juyawa ta juya.

Suka tarar da Bheki jikin famfon mai, ya jiƙe da gumi, ya taho yana zazzaga masifa wai wannan wane irin iskanci ne. Mama ko kallonsa ba ta yi ba. Ta sauka da sandarta ta wuce shi, tana leƙa bayan famfuna ɗaya bayan ɗaya, tana kiran Futhi, tana tambayar masu zuba mai ko sun ga wata yarinya. Matarsa ta farka, 'yan matan suka cire abin kunnensu. Bheki ya tsaya yana bin Mama da kallo.

Futhi ta kashe mota ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Yaya, ga Mama can tana tambayar inda yarinyar take," ta ce. "Je ka ba ta labarin. Ai ka iya shi."