Hoton Auta a Bangon Bariki

Motar haya ba ta gama tsayawa ba Inna ta fara laluben ƙofa. Yaya ta riƙe mata hannu.

"Ki bari direba ya tsaya mana, Inna. Bangon nan ba guduwa zai yi ba."

"Ke dai sauke ni. Ƙafata ta mutu tun a tasha ta biyu."

Mota uku suka hau kafin su iso ƙofar barikin. Yaya ita ce babbar 'yar Inna, ma'aikaciyar jinya ce, kuma sai da ta roƙi wata abokiyar aikinta ta riƙe mata ɗakin marasa lafiya kafin ta samu wannan ranar. A jakarta akwai takardar gayyata: za a buɗe zauren tunawa da sojojin da suka rasu a yaƙin ƙetare, an kafa hotunansu a bango. Ƙaninta, Auta, yana cikinsu.

Wata goma sha huɗu ke nan da aka kai wa ayarinsu hari a kan wata gada, a ƙasar da sai an tsallake teku. Shekararsa ashirin da uku. Can aka binne shi. Abin da ya dawo gida jakar kayansa ce kawai, da takarda mai hatimi. Tun daga lokacin idon Inna yake ƙara raguwa, har ta kai ba ta gane mutum sai ya matso daf da ita. Babu kabarin da za ta ziyarta, shi ya sa da ta ji maganar bangon ta ce ko da rarrafe sai ta zo.

Aka zaunar da iyalai a rumfa, a kan kujerun roba da rana ta gasa. Aka busa ƙaho, wani babban hafsa ya yi jawabi, wani ya karɓa. Kowa ya tashi sai ya ce jarumai. Yaya ta ji kalmar har ta daina shiga kunnenta. Ita Autan da ta sani, yaron da ta goya ne, wanda in ya ga ta fito da allura sai ya haye katanga. Ranar da ya shigo gida da kakin soja ta ce masa, "To soja, miƙo hannu." Ya ja da baya har ya tuntsurar da bokitin wanki. In ya kira waya daga can, cewa yake shi a ɗakin ajiya aka sa shi, aikinsa jera barguna, ko ƙarar bindiga ba ya ji. Inna ta yarda. Yaya ba ta yarda ba, amma ba ta taɓa ƙure shi ba, don ita ma tana son ta samu barci.

Sai bayan awa biyu aka buɗe zauren. Dogon ɗaki ne mai warin sabon fenti, hotuna jere a layi biyu, kowanne cikin gilashi, da suna a ƙarƙashinsa a kan ɗan allon tagulla. Yaya ta riƙa bin sunayen, Inna na dafe da kafaɗarta, har ta iske nasu. Ta ɗaga kai.

Ba Auta ba ne. Wani yaro ne mai faɗin fuska da gajeren wuya, ya ɗaure fuska kamar wanda mai hoto ya hana dariya.

"Mun zo?" in ji Inna.

Yaya ta dubi Inna. Ta tuna motoci ukun nan, da kumburarriyar ƙafar Inna, da yadda tsohuwar ta kwana uku tana tambayar wane mayafi ya dace.

"Mun zo," ta ce.

Inna ta saki kafaɗarta, ta matsa har numfashinta ya dusashe gilashin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan fuskar yaron, ta fara addu'a ƙasa-ƙasa.

Yaya ta zame ta nemi wani saje da ke tsaye bakin ƙofa da takardu a hannu. Gashinsa ya fara fari, idanunsa jajur kamar wanda ya kwana biyu bai zauna ba.

"Ranka ya daɗe, an yi kuskure. Sunan ƙanina ne, amma hoton ba nasa ba ne."

Sajen ya rufe ido na ɗan lokaci. "Ke ce ta uku yau, 'yar'uwa. Masu kafawa sun cakuɗa wasu hotunan. Ki duba can ƙarshen layi, ƙila yana wajen."

"To a sauya mana yanzu. Mahaifiyarmu ga ta can."

"Da ƙusa aka kafe su, kuma manya ba su tafi ba. In na taɓa bangon nan yau, ni ma hotona za a rataye." Ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri. Ga takarda, ki cike ki kawo ofis. Wallahi zan bi ta da kaina."

Ta karɓa ta cusa a jaka. Ba ta da ƙarfin faɗa. Ta bi layin har ƙarshe, kusa da taga, ta same shi: Auta, hular ta yi masa yawa, yana cije leɓe don kada ya yi dariya. A ƙarƙashinsa sunan wani ne da ba ta taɓa ji ba. Gaban kowane hoto akwai mutum biyu ko uku, wasu na kuka, wasu na ɗauka da waya. Nan babu kowa. Ta tsaya ita kaɗai. Tun rasuwarsa ita ce mai karɓar masu gaisuwa, ita ce mai zuwa ofis-ofis, ita ce mai lallashi. Yau ne ta fara tsayawa gabansa ba ta da aikin yi. Ta yi kukanta ba sauti, ta share fuska da bakin mayafi, ta koma ta ɗauko Inna.

A motar komawa sun samu kujerar baya. Inna ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa iya inda wuri ya bari. Suka wuce kasuwa, suka wuce gidan mai.

"Yaron nan," in ji Inna, "ɗan waye?"

Yaya ta juyo. "Wane yaro?"

"Kada ki maishe ni yarinya. Idona ne ya ragu, ba hankalina ba. Ni na haifi Auta."

"Inna, ki gafarce ni. Na ga wahalar da kika sha ne..."

"Na sani." Ta gyara zama da ƙyar. "Da na gane, na so in juya. Sai na ga yaro ne shi ma, bai fi nawa ba. Na ce bari in tsaya har nasa su zo. Sun zo?"

"Ba wanda ya zo."

Inna ta jinjina kai a hankali. "Nawa yana ina?"

"Can ƙarshe, kusa da taga."

"Kin tsaya wurinsa?"

"Na tsaya."

"To shi ke nan. Kowa ya samu mai tsaya masa."

Motar ta faɗa rami, fasinjoji suka yi wa direba ca. Inna ba ta ko ɗaga kai ba.

"Sun ba ki takardar gyara?"

"Sun ba ni. Amma Inna, wata rana guda ce zan sake nema a wurin aiki, ga layi, ga je-ki-dawo. Na gaji."

"Ni ma na gaji. Ki cike ta duk da haka. Uwar yaron nan za ta zo wata rana, in ta samu hali. Kada ta sha wannan hanyar ta tarar da ɗan wata."

Yaya ta zaro takardar, ta shimfiɗa ta a kan gwiwarta, ta tambayi mutumin da ke gabanta ko yana da biro.