Tayar Gaba ta Dama

Yahuza na durƙushe yana ɗaure salansar tsohuwar motarsa da waya lokacin da ya ji ƙarar famfon iska a bayansa. Bai juya ba. Ya san Nafi'u ne, kuma ya san tayar gaba ta dama ce ta sabuwar motar. Yau kwana biyar ke nan tana sacewa a hankali, a cika ta da safe, kafin la'asar ta soma laushi.

Shekara sha uku Yahuza yana tuƙi a wannan biro na Belbeji, ofishin wata ƙungiya mai gyaran rijiyoyin makiyaya. Babu rijiyar da bai san hanyarta ba daga nan har bayan Tanut. Da aka ce sabuwar kat-kat, motar shiga daji, na tafe daga Damagaram, har sabuwar riga ya ɗinka. Motar ta iso fara fat, kujerunta cikin leda, sai aka miƙa makullin ga Nafi'u, wanda bai cika shekara biyu da ɗaukar aiki ba. Tun ranar Yahuza bai ƙara shan shayi tare da shi ba. In ya wuce ta gefen motar yakan kau da kai, amma ƙamshin cikinta sai ya biyo shi.

Wajen ƙarfe tara Madam Rukaiya, shugabar biron, ta aika a kira shi. Ya tarar da Nafi'u tsaye jikin taga.

"Malam Yahuza, zauna," in ji ta. "Sau biyu ana kai tayar nan wurin mai faci a tasha. Ya tsoma ta a ruwa, bai ga komai ba. Gobe kuma za a je Damagaram ɗauko baƙi."

"Na ji, Madam."

"Nafi'u yana ganin kamar wani ne ke sace iskar."

Yahuza ya dubi Nafi'u. Nafi'u ya dubi ƙasa.

"Ni ban kama sunan kowa ba," in ji Nafi'u.

"Mu biyu ne direbobi a gidan nan," in ji Yahuza. "Ai ba sai ka kama ba."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, ya sha yi wa motar fatan lalacewa. Ranar farko da ya ga tayar a kwance har daɗi ya ji. Amma ko da yatsa bai taɓa ta ba. Ya kuma gane daga muryar Madam cewa in aka rasa dalili, shi ne zai zama dalilin, aikinsa kuma na iya tafiya.

"A ba ni awa ɗaya da ita," ya ce.

Aghali maigadi ya kawo bokitin ruwa da sabulu. Yahuza ya ɗaga motar, ya kwance tayar, ya jingina ta da bango. Ya fara da bawul. Ya buɗe murfin, ya shafa masa miyau, ya jira. Shiru. Ya kaɗa ruwan har ya yi kumfa, ya bi fuskar tayar taƙi bayan taƙi, yana tsince tsakuwa da ɗan ƙarfe. Ya sami ƙayar aduwa guda ɗaya, ya zare ta, ashe ko rabin roba ba ta shiga ba. Ya jiƙa gefe da gefe, ya jiƙa inda roba ta kama janti, ƙarfen da tayar ke zaune a kai. Babu ko ƙwayar kumfa da ta tashi.

"Mai faci ma haka ya yi, Baba Yahuza," in ji Nafi'u.

Madam ta fito ta tsaya a baranda. Gumi ya soma bin wuyan Yahuza. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallon tayar. Mai faci ya duba ta ba nauyi a kanta. Shi ma haka. Ita kuwa ba a jingine da bango take sacewa ba.

Ya mayar da ita, ya ɗaure, ya sauke motar ƙasa. Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi da bokitinsa.

"Nafi'u, shiga ka matsa da ita gaba. Kaɗan-kaɗan. In na buga ka tsaya."

Motar ta motsa. Ya jiƙa bakin jantin ta ciki, ya buga, ya duba. Ta sake motsawa. A karo na huɗu, da wani wuri ya sauko ƙasa nauyin mota ya danne shi, sai ga kumfa ƙanana kamar gero suna fitowa a jere. Ya goge da hannun rigarsa. Wata 'yar tsaga ce siririya kamar gashi, kewaye da ita kuma tabon guduma, an shafe da baƙin mai don kada a gani. Jantin ya taɓa lanƙwasa, wani ya miƙar da shi.

Ya kwanta yana kallon wurin. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Fuskar Nafi'u ta leƙo daga gefen tayar. Ya ga inda yatsan Yahuza yake.

"Baba Yahuza," ya ce da raɗa, "ranar Lahadi ne. Na kai su inna biki Tarka, na hau dutse a kwari. Wallahi na ɗauka gyaran ya kama. Don Allah ka rufa mini asiri."

"Kai da ka tsaya a gaban Madam, ka rufa mini nawa?"

Ya fito, ya kakkaɓe wandonsa. Madam ta sauko daga baranda.

"An samu?"

"Janti ne ya tsage ta ciki, Madam. Ba ya zuba sai nauyi ya hau kansa. Da an ɗauki hanyar Damagaram da shi, Allah kaɗai ya san inda zai buɗe."

"Sabuwar mota? Me zai tsaga shi?"

Nafi'u na kallonsa. Yahuza ya ɗauki lokaci yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai tabon guduma a wurin. Wanda makulli ke hannunsa zai fi ni sani."

Nafi'u bai yi gardama ba. Ya faɗi komai. Madam ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta miƙa hannu, ya ajiye mata makullin a tafi. Ta ce ya tafi gida na sati biyu, za ta rubuta wa manya.

Da ya fita, ta juyo.

"Malam Yahuza, ka yi haƙuri da abin da aka zarge ka."

"Ba komai, Madam." Idonsa na kan makullin.

"Zan kira Damagaram su turo direba da sabon janti, shi zai riƙe ta kafin a ga yadda za a yi. Kai kam ba zan iya raba ka da tsohuwar ba. Ita ce ke shiga daji, kuma in ba a hannunka ba, ko sati ba za ta yi ba. Tun farko ma dalilin ke nan." Ta miƙo masa makullin. "Matsar mini da sabuwar ƙarƙashin inuwa, ka kawo mini makullin biro."

Yahuza ya buɗe ƙofar. Ya dubi wandonsa da ya sha ƙasa, ya ɗauko buhun ya juya gefen da bai ɓaci ba, ya shimfiɗa a kan kujerar, sannan ya zauna. Yana murɗa makulli ta tashi, ba tari ba jijjiga. Sanyi ya huro masa a fuska. Ya gyara madubi daidai idonsa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Tsakaninsa da bishiyar bedi, wato darbejiya, bai wuce taki goma sha biyar ba. Ya tafi da ita a hankali iyakar yadda mota ke iya tafiya. Da ya isa inuwar ya ja birki, bai kashe ba, har sai da Aghali ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce Madam na tambaya.