Abin da Inna ta binne

"Mama, me ya sa aka binne guntun Baba, alhali ga shi can yana shan shayi?"

Mina ce, ɗiyata 'yar shekara biyar, ta jefo tambayar a gaban baƙonmu Rhissa, wanda yake lokotoro, wato likita. Rhissa ya ajiye kofinsa a hankali.

Baban Mina direban motar ma'aikatan ma'adini ne a nan Arlit. Da ya fara fitsarin jini, kowa ya ce tsargiya ce ta yarinta. Sai a Agadez aka gano ƙari a mafitsararsa, aka yanko shi, aka sallamo mu da wata kwalba mai ruwa da ɗan nama a ciki. An yi bayani, amma shi aka yi wa, yana cikin magagin allura. Rhissa maƙwabcinmu ne, dubiya kawai ya shigo.

"Wane guntu, Mina?" in ji Rhissa.

Surukata Inna 'Yargata, wadda ta zo jinya daga Tahoua, ta amsa daga bakin murhu. "Ni na binne shi. Naman ɗan Adam na, likita, ba tonka ko wani kayan miya ba da za a aje cikin kwalba. Na wanke shi, na naɗe da farin ƙyalle, na sa shi ƙasa bayan ɗaki."

"Da kwalbar?"

"Kwalba mi ta yi? Ga ta can da gishiri."

Baban Mina ya yi dariya har ya dafe mara. Rhissa bai yi ba.

Ya ce Yamai ya kamata naman ya tafi. Irin wannan kansar ba a cika ganinta ga mai ƙuruciya ba, kuma kowane ƙari da irin ɓacin da ya samu a ƙwayoyin halittarsa. Akwai magungunan da aka yi don ɓaci iri guda kawai: in ya dace su yi aiki, in bai dace ba sai wahala a banza. Ba a sanin wanne ne sai an bincika naman.

Na ji abin ya kama ni. "Wato cuta ɗaya, amma kowa da tasa? To wannan ɓacin, Mina za ta gada?"

"Galibi a cikin ƙarin yake tsayawa, Hansai, ba ya bin jini. Amma ba zan rantse miki ba tun ba a duba ba."

"A tono shi mana," in ji Inna, tana laluben galma.

"Ƙasa ta riga mu, Inna," in ji Rhissa.

Ta zauna. Ni ma ban ga laifinta ba, don ni na miƙa mata ƙyallen.

Yanzu sai an sake shiga da na'ura a nemo ko akwai sauran da za a yanko. Wato wata doguwar hanya, wata allura, ga mutumin da bai gama warkewa ba. Inna ta ce wannan karon ita za ta rungume kwalbar har Yamai, kowa ya taɓa ta ya gani.

Ke da ke karanta wannan, in aka miƙo miki kwalba a asibiti, kada ki motsa daga wurin sai kin tambaya da bakinki ina za a kai ta. Kada ki bari a binne. Ƙasa ba ta mayarwa.